Abin da Abuya Ya Rubuta a Dutsen Saur

Misfala, Makka
2 ga Rajab

Zuwa ga Gwaggo Batulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Gumel. Ni ce Manar, autar yayanki Malam Sabitu. Na ba Hajiya Lailatu wannan takarda da za ta koma gida daga umara, tunda wayarki ta iya ringin amma ba ta iya ɗauka ba. Ki yi haƙuri da Hausata, ta Makka ce.

Gwaggo, raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba. Kwana tara Abuya, babanmu, ya yi a asibiti yana cewa, "Ku kira mini waccan ta Gumel in nemi yafiyarta." Mun kira har mun gaji. Yau kwanansa arba'in da rasuwa, ko ta'aziyya ba ki aiko ba. Me yaya zai yi wa ƙanwarsa da mutuwa ba za ta wanke ba?

Duk watan Rajab yakan hau Dutsen Saur shi kaɗai, ya hana kowa binsa. Ƙarshen watan nan zan ɗauki sandarsa in hau. Yayyena sun ce majanuniya ce ni, na ce sun makara da ganewa.

'Yarki,
Manar

Gumel
14 ga Rajab

Manar,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Allah ya jiƙan Malam, ya ba ku haƙuri.

"Waccan ta Gumel" kika ce ya ce. To, haka ya saba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki hau dutsenki, ki riƙi ruwa da yawa, ki bar wannan magana.

Ki gaida mamarku.
Batulu

Misfala
28 ga Rajab

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Jiya bayan asuba na hau. Kafin rabin hanya gwiwoyina sun fara zagina, biri ya ƙwace mini ledar dabino, na zauna a rumfar wani tsoho mai shayi, Abdulwasi'u, mutumin Damagaram. Bai kalle ni ba, sandar ya kalla. Ya ce, "Ina mai ita?" Na faɗa masa. Ya ajiye buta ya daɗe yana salati.

Na ce ina so in ƙarasa kogon da ke sama kamar yadda Abuya yake yi. Ya ce, "'Yata, Malam bai taɓa wuce nan ba."

Ya nuna mini wata 'yar hanya bayan rumfar, ya ce in tafi ni kaɗai. Na iske wani dutse mai kamar rumfa, sai an durƙusa ake shiga. A ciki an kankare rubutu da ƙusa, hannun Abuya ne, ko a mafarki na san shi. Batulu, 1400. Ƙasansa Batulu, 1401. Haka har bara. Na ƙirga da yatsa, layi arba'in da shida. Na ƙarshen duk ya karkace. Babu sunana, babu na yayana Rakan, babu na Mama.

Na koma na tambayi tsohon. Ya ce, "Ai 'yarsa ce ta fari. A Rajab aka haife ta. Ya ce mini bakinsa ba zai iya ba, shi ne yake sa hannu."

Na ce, "Ƙanwarsa dai."

Ya ce, "'Yarsa."

Wallahi ban san yadda na sauko ba. Mama ta rufe fuska da mayafi ta ce ba ita za ta faɗa ba. Gwaggo, wace ce ke?

Manar

Gumel
9 ga Sha'aban

Manar,

Wa alaikumus salam. Sau uku na sa aka karanta mini, duk da na iya karatu.

Gaskiya mai shayin ya faɗa. Uwata ta rasu wajen haihuwata. Kakarmu ta ɗauke ni ta ce ni ce autarta, na tashi ina ce masa Yaya. Ina da shekara biyu ya tafi aikin hajji, bai dawo da zama ba. Ranar da za a kai ni ɗakin miji aka faɗa mini ko shi wane ne.

Ku 'yan Makka ba ku san kunyar ɗan fari ba. A wurin mutanen dā, uba ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya san da shi a gaban mutane. Na san al'adar sarai. Amma da na zo hajji na sauka a gidanku, ina zaune ya ɗora ki a cinya yana "Manar, Manar", ni kuwa "ke" da "waccan". Na ce a raina wannan ba kunya ba ce, mantuwa ce. Ranar na rantse ba zan ƙara amsa kiran da babu sunana a ciki ba. Da kuke bugowa wayar tana hannuna. Ina kallonta har ta yi shiru.

Yanzu kin zo mini da layi arba'in da shida. Tsoho mai ciwon gwiwa, a zafin ranar Makka. Tun da takardarki ta zo ban iya cin tuwo ba. Shi ya nemi yafiya, ashe ni ce mai nema, kuma babu lambar da zan kira.


Batulu

Gumel
16 ga Sha'aban

Ƙanwata Manar,

Assalamu alaikum. Na yafe masa. Na faɗa da ƙarfi bayan sallar la'asar, har jikokina suka tsorata.

Kada ki ƙara ce mini Gwaggo. Ina shirin umara cikin azumi. Layin bana babu, kada ki cike shi. Ki ajiye mini sandar, ki nemo mini ƙusa. Ni kaɗai zan shiga, in rubuta abin da ni ma ban taɓa kiransa da shi ba: Baba.

Yayarki,
Batulu