Kada a Sare Lallen Ammi

Ammi, assalamu alaikum. Ya ƙafarki? Ya Abbu?

Tun ranar da surukinki ya tafasa ganyen lallen da kika ƙunso mini, Islamabad ta canza mini. Ya haɗa ruwan da sinadarin tutiya, ya sami farin gari mai kashe ƙwayoyin miki. Lallen kasuwa ya ƙi yi, sai na bishiyarki. Malaminsa na jami'a ya ba shi wata ɗaya ya sake yin garin, ko a sallame shi.

Lafiyata lau, littattafan soyayyata ke taya ni cin abinci. Jiya surukin naki ya ce, "Shagufta, jaruminki ba takobi, sai tukunya."

Ga shi na ji yayana Bhai Imtiyaz zai sare bishiyar lallen ya gina shago. Don Allah ki tare shi, Allah ya bar mana ke. Na yanki tikiti. Ranar Laraba ina gindinta, kuma ba zan tashi ba.