Akori-kurar Baba

Litinin, 28 ga Afrilu, 2025

"Yaya Juwairiyya, wata ɗaya kacal. In gyara mata inji, in sa mata tayoyi, in dawo da ita Inna ta ji ƙararta." Maganar ƙanena Kamaruddeen ke nan ranar da ya zo ya ja akori-kurar Baba daga rumfa. Har da dafa ƙirji. An yi damina, an yi girbi, ga wata daminar a bakin ƙofa.

Inna ta sake tambaya yau. Tun rasuwar Baba, kullum bayan la'asar sai ta shiga motar nan ta zauna a gefen mai zaman banza da carbinta, tayoyi a sace, kaji suna ƙwai a baya. Yanzu sai ta dogara sanda ta je rumfar ta tsaya tana kallon ramukan da tayoyin suka bari.

"Malam bai dawo daga birni ba?"

Na ce bai dawo ba. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane illar ƙarya a aji.

Alhamis, 1 ga Mayu

Na kira Kamaru. Wayar ta yi ta ringin har ta gaji.

Asabar, 3 ga Mayu

Huseina, abokiyar aikina, ta miƙo mini wayarta a wajen suna. Wai baje kolin tsofaffin motoci ake yi a birni, masu kuɗi suna fito da nasu ana kallo. Ga Fijo 404 fara sol tana ƙyalli, ga Kamaru a jingine da ita da baƙin tabarau kamar wanda ya ci zaɓe. Da ban ga lanƙwasar ƙarfen bayan ba, inda bijimin Nata'ala maƙwabcinmu ya taɓa kai mata karo, da na rantse ba ita ba ce.

Ashe ta warke tuntuni. Mu ne dai ba a dama da mu ba.

Na ce wa Huseina da na sani da tun farko na kira 'yan gwangwan sun auna ta a sikeli. Tsohon ƙarfe. Manya da gemunsu sun taru suna wa ƙarfe kirari.

Talata, 6 ga Mayu

Inna ta faɗi a hanyar rumfa. Ba karaya, amma ta ƙi tuwo, kunu ma sai da lallashi. Ma'aikacin asibitin garinmu ya ce tsufa ne. Na gode, da ban sani ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Na je. Adaidaita biyu da bas, na bar Inna da matar Nata'ala.

Filin wani otal ne, ciyawa kore shar a watan da rijiyarmu ta koma laka. Motoci a jere, an kewaye kowace da igiya. Marsandi mai dogon hanci, wata ja mai kwanciya a ƙasa kamar ƙadangare wadda ko kunyar gero ba za ta tsallake ba, da 'yar ƙurƙura mai inji a baya. Samari suna ta ɗaukar hoto. Ba wanda ya taɓa komai.

Tamu tana can ƙarshe, kuma a nan mutane suka fi taruwa. An kafa allo a gabanta da Turanci. Na karanta sau biyu don kada in zalunce shi. Wai motar wani Bature ce injiniya, da ita yake zagayen duba gadoji, aka tsince ta a wani tsohon gidan gwamnati.

Bature.

Motar da Baba ya saya da guminsa, ya yi rabin rayuwarsa yana kwaso sharar birni da ita yana zubawa a gonaki. Duk rani, juji zuwa juji, daga Fagge zuwa Kurna, ya ciko ta da toka da kashin awaki da ruɓaɓɓen kayan miya, mu bi da kwando muna tsince leda da kwalba kafin a baza. Gonarmu ko kadada ba ta kai ba, ba ta taɓa hutawa ba, takin nan ne ya hana ta mutuwa. Shi ya biya makarantar da Kamaru ya koyi Turancin da ya rubuta allon.

Ya hango ni, tabarau ya sauka.

"Yaya, da kin faɗa mini ai da na aiko a ɗauko ki."

"Ina gaisuwa, ɗan Bature."

"Don Allah ki yi a hankali. Mutanen nan labari suke so. Wa zai tsaya kallon motar shara?"

"Wanda ya ci tuwonta."

Ya ce in ba shi lokaci, akwai wani babban taron a Abuja ranar ashirin da huɗu, za a ɗora ta a tirela ranar Juma'a, ana gobe taron, daga nan sai gida. Na ce Inna ta daina cin abinci. Ya dubi takalminsa. Ya ce zai turo maltina da madara.

Sai wani dattijo mai farar hula ya roƙa a tayar da ita. Kamaru ya shiga ya murɗa.

Ban shirya ba. Wannan tarin da take yi sau ɗaya kafin ta kama, sannan ta daidaita. Da shi muke sanin Baba ya fito masallaci. Na tsinci hannuna a kan ƙofarta, na tsallake igiyarsu ban sani ba. Fentin sumul, da sanyi. Ya nemo mata madubin gefe irin nata na asali, wanda ya karye tun ina firamare.

Na fita kafin wani ya ga fuskata.

Lahadi, 11 ga Mayu

Maltina ta iso. Katan guda. Na ba yaran maƙwabta.

Laraba, 14 ga Mayu

Hadari ya haɗu a gabas, ya watse. Kowa ya gama baza takinsa sai mu.

Ina shafa wa Inna man zafi na ji wani abu mai tauri a haɓar zaninta. Na kwance. Makullin motar ne na biyu, ya yi baƙi. Ta riƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Na Malam ne. In ya dawo zai nema."

Can kuma ta dube ni sosai, ta gane ni, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. "Ke ya koya wa tuƙi. Shi wancan tsoro yake ji."

Gaskiya ne. A burtalin bayan gari, ina budurwa, giya a jikin sitiyari, Baba yana cewa ja sama, tura ƙasa, kada ki gaya wa kowa. Kamaru yana baya a kan taki yana kuka.

Asabar, 17 ga Mayu

Inna ba ta tashi ba yau. Ta tambayi Malam sau ɗaya, a hankali. Na gyara mata mayafi.

Litinin, 19 ga Mayu

Na tura wa Kamaru saƙon murya, don kada ya ce bai iya karanta Hausa ba. Zuwa la'asar ɗin Alhamis motar ta kasance a rumfarta, ya tayar da ita a bakin tagar Inna. In bai kawo ba, ranar Juma'a da hantsi, kafin tirelarsu ta iso, ina garejin abokinsa da ke hanyar Ungogo, na san wurin. Gado ne ba a raba ba, makulli na biyu yana wajenmu. Zan tuƙo ta da kaina ko da a giya ɗaya ne, duk mai tsare ni ya zo ya yi wa Inna bayani. Allon kuma zan taho da shi, murhu yana buƙatar itace.

Na share rumfar. Na kori kajin, na sa an toshe inda kwanon yake yoyo. Da na je kasuwa sayen man zafi na ga tamfol mai kauri, na saya. Saboda raɓa ne kawai.

Takin bana a amalanken Nata'ala za a kai. Fentin nan ba zai jure toka ba.