Inna, Sabo Bai Shiga Ba

Assalamu alaikum, Inna. Gaisuwa da ban girma daga 'yarki Rabi, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Kan Sabo nake rubuto miki. Ranar da kika cika kin riƙe hannuna kin ce, "Ga ƙanenki nan, kada ya yi miki nisa." Shi ya sa da na samu aikin jinya a Doha na yi ta fafutuka har aka ɗauke shi gadi. Na ɗauka na cika alkawari.

Kin sha ba mu labarin Kaka, lokacin da yake kuku a barikin Turawa. Gwamnatin wancan zamani ta raba mutane gida-gida: Bature, baƙon baƙar fata, ɗan ƙasa. Ta bar fili fetal tsakanin bariki da gari, wai kada sauron da ya ciji 'ya'yanmu ya kai ga nasu. Dariya muke yi idan kin zo wannan gaɓar ta labarin, Sabo har da tambayar ko sauron ma yana da fasfo.

Inna, na daina dariyar. Da annoba ta zo, aka kewaye unguwar ma'aikata da shinge, Sabo na ciki da zazzaɓi. Ni da nake sa wa baƙi iskar numfashi a asibiti, kunun tsamiya na kasa kai wa ɗan'uwana. Ciki ɗaya muka fito, amma a nan ni "iyali" ce, ina zaune a unguwar Old Airport da maigidana, shi kuwa "gwauro" ne, a bayan gari.

Ya warke, amma ya rage magana.

Ana cikin gasar ƙwallon duniya, wata Juma'a na ce ya same ni a wani babban kanti in saya masa takalmi. Ya riga ni isa. Na tarar da shi a gefen ƙofa cikin shaddarsa ta Sallah, an hana shi shiga, wai ranar iyali ce. A gabana wani Bature ya wuce shi kaɗai da gajeren wando, ba wanda ya tambaye shi ina matarsa.

Abin da ya fi ci mini rai, mai gadin Bakatsine ne. Ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri, ya ce fuska aka ce su duba, amma tunda yana tare da ni, ya shiga. Na ja hannun Sabo, ya zare shi a hankali. Ya ce ba zai shiga a matsayin jakar hannuna ba.

Na yi masa faɗa, Inna, kin san bakina. Na ce girman kai ba ya ciyar da kowa.

Bayan gasar ya ajiye aiki ya koma gida. Ban yi aune ba sai ga kiransa daga Agadez, wai zai tsallaka Turai, tunda dai ko'ina za a duba fuskar. Na yi kuka, na roƙe shi da sunanki. Tun daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Tsoro nake ji, Inna. Ban san ko in ce yana nan duniya tare da ni ba, ko ya riga ya iso wajenki.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki. Idan Sabo na raye, Allah ya juyo mini da shi. Idan kuwa ya iso, ki riƙe shi, ni ya kuɓuce mini.

Taki har abada,
Rabi