Na Durƙusa, Ƙafa Ta Ƙi Tashi

Yaya Ndagi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya sanyin Jos? Ya Anti Hajara da yara? Da fatan ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan Tudun Fulani a Minna lafiya lau, in ka cire ƙafafuna.

Gudun famfalakin nan na Abuja da ka rantse ba zan iya ba, to na gama shi. Amma ji yadda aka yi. Na ci fiye da rabin hanya, ina ta haki, sai ga surukina, baban matata Fati, a bakin titi yana jira a buɗe hanya ya tsallaka. Muka haɗa ido, ni kuwa daga ni sai gajeren wando da singileti.

Ka san mu mutanen Bida, ba a gaida babba a tsaye. Na durƙusa. Ya tambayi Fati, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya, har shagona na Kasuwar Kure bai bari ba. Da ya sallame ni na yunƙura, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Kunya ta hana ni faɗa, sai na ɗauko gaisuwar daga farko. Shi ma ya amsa daga farko. Jama'a na ta wuce mu.

Can ya ce, "Usman, ladabin ya isa haka, tashi."

Na ce, "Baba, sai dai a ɗaga ni."

Shi ya cicciɓe ni da hannunsa. Na lallaɓa na isa wurin ƙare gudun ana kwashe kujeru, amma an rataya mini lambar yabona.

Ka gaida kowa da kowa. Don Allah a sa ni a addu'a, domin surukin nawa ya aiko cewa ranar Juma'a yana tafe Minna, ni kuwa har yau a zaune nake salla.

Ƙaninka,
Usman