Akori-Kurar Baba Ta Durƙusa

Asabar, 2 ga Maris

Yaya Dougal ya zo da wani mutum ya duba akori-kurar Baba. Wai tunda aka yi wa Baba aikin ƙugu ba ya iya hawanta, zamanta a rumfa asara ce. Baba yana baranda da sandarsa, yana ta juya kofin shayi. Tun 1966 yake tare da motar nan, kafin a haife mu. Na ce da mutumin ba ta sayarwa ba ce. Dougal ya ce, "Ke da hutunki ya kusa ƙarewa ki koma Brisbane, me ya kai ki?" 

Talata, 5 ga Maris

Yau kasuwar shanu. Baba ya yi aski, ya sa hularsa, sannan ya koma ya zauna. Motata ta yi masa ƙasa, in ya shiga ba ya iya fitowa sai an ciccibe shi, shi kuwa ya rantse ba mai ciccibarsa a gaban abokansa. Tasa kuma ta yi masa sama. Tun faɗuwar da ta ja masa aikin ƙugun bai leƙa Warwick ba, garin da kasuwar take ci.

Alhamis, 7 ga Maris

Na gano. A cire sifirin ɗin da ke ɗauke da akori-kurar, a sa jakunkunan iska a madadinsu. A sace iskar, mota ta sauko daidai ƙugunsa, ya zauna, a hura ta tashi. Na ga farashin sabon saiti, na rufe wayar.

Asabar, 16 ga Maris

Wurin 'yan gwangwan, gun Stavros mai sayar da kayan tsofaffin motoci. Jakunkuna biyu daga mushen wata babbar mota, biyu daga tirelar dawakai. Tankin iska na tsohuwar bas, da kwamfaresa da ya ce tana aiki in ta ga dama. Ya ce, "Kerrin, ke da ke aikin ofis? Tsohon ya san za ki yanka masa mota?" Na ce zai sani. Ya yi dariya har da tari, ya ƙara mini tiyo kyauta.

Lahadi, 17 ga Maris

Ya sani. "Motar aiki ce, ba ta 'yan gayu ba. Ta ɗauki bijimai, yanzu ki sa ta jan ciki a titi?" Bai ci abincin rana ba. Ni ma.

Lahadi, 24 ga Maris

An gama gaban motar. Sifirin guda ya kuɓuce ya fasa mini bokiti, da ƙafata ce da yanzu wani zancen ake. Hannuna duk ya farfashe. Baba ba ya mini magana, amma kujerarsa ta bar baranda, ta dawo ƙofar rumfa. Wai inuwa ta fi a can.

Asabar, 30 ga Maris

Ranar yanka shasi, ƙarfen da gangar motar ke zaune a kai. Dole a yi masa gurbi a baya, in ba haka ba in mota ta sauko ƙarfen da ke haɗa tayoyi zai doke shi. Na ja layi da alli, na ɗauki injin yanka. In na ɓata, motar ta tashi aiki har abada, kuma Dougal ya yi gaskiya.

Sai na ji sanda tana ƙwanƙwasa bodi.

"Layinki ya karkace."

"Baba, na auna."

"Kin auna da ido irin na uwarki. Miƙo allin."

Na turo masa kujera har gindin taya. Ya goge nawa da babban yatsa, ya ja nasa. Sannan ya ce, "To yanka mana, ko jira kike ta tsufa?"

Na yanka. Waldar ma yana kaina, wai ina gudu kamar ana bina. Shi ya koya mini ita ina 'yar makaranta, na ɗauka na manta. Ashe hannu bai manta ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ta tashi! Na danna maɓalli, kwamfaresar Stavros ta yi gurnani, motar ta miƙe kamar saniya ta gama hutawa. Na sake dannawa, ta yi huci ta durƙusa. Na yi ta yi har batir ya mutu.

Litinin, 8 ga Afrilu

Da safe na same ta a karkace, hagu a ƙasa. Iska na zurarewa. Dougal ya biyo, ya ɗauki hoto. Na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Laraba, 10 ga Afrilu

Baba da kwanon ruwan sabulu da burushin askinsa, yana shafa wa kowace mahaɗa, ni ina kwance a ƙasa ina neman kumfa. A bayan tanki take, noti ɗaya ne bai ɗauru ba. Ni na ɗaura shi. Baba dai ya kalle ni.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Injiniya mai ba da izinin hawa titi ya zo. Ya daɗe a ƙarƙashinta da tocila. Da ya fito ya tambayi wanda ya yi waldar. Baba ya riga ni: "'Yata. Akwai magana ne?" Babu. Injiniyan ya sa hannu.

Talata, 30 ga Afrilu

Kasuwar shanu.

Na tsaya daidai ƙofar shagon shayi, inda tsofaffin suke jeruwa a benci. Suka gane motar tun daga nesa, suka miƙe. Wani mai jan gemu ya kira Baba da sunansa ya ce, "Lindsay, ashe kana raye? Tsaya a kawo maka tsani." Baba ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Kar ki taɓa. Ni zan danna."

Ya danna. Ta yi huci, ta sauko a hankali har ta kusa shafar ƙasa. Ya buɗe ƙofa, ya zuro ƙafa, ya miƙe da kansa. Ba wanda ya riƙe shi. Ya gyara hula ya ce, "Wa ke neman tsani?"

Wurin ya kaure da dariya. Mai jan gemun ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashi, sai da mutum biyu suka ɗago shi. Baba ya ci burodi mai nama biyu, ya yi gardama kan farashin maruƙan da ba nasa ba. A hanyar dawowa ya yi barci, hannunsa a kan maɓallin.

Dougal ya kira da yamma, labari ya kai masa. Ya yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ya tambaya ko za a ara masa ita ranar bikin 'yarsa. Baba ya ce a tambayi bakanikiyar.

Talata, 14 ga Mayu

Kasuwa kuma. Mai jan gemu, Mervyn sunansa, ya ja ni gefe. Gwiwar matarsa ta lalace, tasu motar ma ta yi mata sama. Na ce ni ba sana'ata ba ce, kuma na kusa tafiya.

Na dai biya ta wurin Stavros, don kawai in gaishe shi. Yana da jakunkuna huɗu masu kyau. Na ce ya ajiye mini.

Ofis sun kira sau biyu. Gobe zan kira su, in na gama auna motar Mervyn.