Sakan Saba'in da Biyar

Harlow Falls, 2 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Corinne,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da aikinki. Na san za ki ce me ya hana ni buga waya. Kunnen nan ne, ba ya jin komai yanzu sai abin da ya ga dama.

Bayan haka, garin ya haukace. Shekara goma sha tara rabon da a buga wasan sili-ɗaya-ƙwale na ƙwallon zari-ruga a filinmu, ga shi ya zo ran sha huɗu ga wata. An shafa wa gunkin bakin kotu shuɗin fenti, fasto ya yi wa'azi da rigar ƙungiya a ƙarƙashin kwat, Duane abokin aikina kuma ya rantse ba zai wanke safarsa ba sai an fitar da mu. Ni dai ido ne nawa. Tun da muka binne mahaifiyarki ban ji wani abu ya motsa a ƙirjina ba, daɗi ko rashinsa. Ina cin abinci ne don lokacinsa ya yi.

Abu ɗaya ya rage da nake so. Shekara talatin da huɗu ina riƙe da sarƙar awo a bakin fili, ban taɓa shiga da ita a irin wannan wasa ba. Wancan karon ina asibiti tare da ke, ranar da kika karya hannu. Likita ya ce gwiwata ba za ta kai ni baɗi ba. Kin tuna duk sanda alƙalin wasa ya yi kokwanto ko ƙwallo ta cika yadi goma, ya yafito mu da sarƙa, mahaifiyarki takan ƙwala miki kira ki zo ki ga babanki a talabijin? Sau ɗaya nake so a yafito ni a irin wannan wasa.

To, Duane ya jiyo wai kyamara ce za ta riƙa awon. Ke da ke aiki a hedikwatar hukumar ƙwallon, gaskiya ne? Jarida ta ce shugabanku Mista Tillinghast yana ɗaukar dala miliyan sittin a shekara. Mu dala ɗari da burodi da tsiran alade ake ba mu a wasa, ban ga abin da za a rage a jikinmu ba.

Ki huta lafiya.
Babanki, Lyle

*

Hedikwata, 5 ga Janairu

Baba,

Na sami wasiƙarka, na gode. Ina fatan kana shan maganin gwiwa a kan lokaci.

Game da tambayarka, hukuma ta amince a fara awo da kyamarori shida daga wasannin wannan wata. Masu sarƙa za su ci gaba da tsayawa a bakin fili ko da na'ura za ta sami matsala. Batun albashin shugaba kuwa ba a yarda mu tattauna shi da kowa ba, ka yi haƙuri.

Ba zan iya zuwa ba, aiki ya yi yawa. Zan kalla a talabijin. Ka sa safa biyu, an ce za a yi sanyi sosai.

Taka,
Corinne

*

Harlow Falls, 15 ga Janairu

Corinne,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta zo, sai na ji kamar daga ofishin haraji take, amma na sa safa biyun.

Mun ci, kin dai gani. Abin da ba ki gani ba shi zan gaya miki. Saura minti biyu a tashi, ana binmu maki huɗu, dusar ƙanƙara ta rufe layuka, yaronmu ya faɗi da ƙwallo daidai inda ido ba ya rabewa. Fili ya yi tsit. Irin wannan nake jira tun kina sa takalmin makaranta. Ban san sanda ƙafata ta ɗauke ni ba, sai ga ni taku uku cikin fili, sandar sarƙar a hannu, Duane na jan ɗaya bakin sarƙar a bayana. Alƙalin, wanda na girme wa ubansa, ya ɗaga min tafin hannu.

"Koma, dattijo. An wuce wannan zamanin."

Na koma. Mutum dubu saba'in suka juya mana ƙeya suna kallon babban allo. Allon ya ce ta cika, har da rarar yatsa biyu. Sauran kin sani. Duane ya rungume ni yana kuka, warin safarsa na tasowa duk da sanyin nan, yana cewa, "Kai tsohon banza, yi ihu mana, ko ka mutu ne ba a sanar ba?"

Wasa na gaba a garin wasu ne, kuma kowane fili da masu sarƙarsa. Don haka na miƙa rigata ga mai kula da kaya, ya karɓa yana waya. Na dawo gida na tarar da miyar waken da na bari a tukunya ta daskare, na ci a haka. Yau jarida ta ce za a ƙara wa Mista Tillinghast miliyan huɗu don ya gajarta wasanni. Allah ya amfana.

Babanki

*

Hedikwata, 19 ga Janairu

Babana,

Na gaishe ka. Sau uku ina yaga wannan takarda.

Ni ce. Shekara biyu da suka wuce aka ba ni aikin gano inda lokaci ke ɓata a wasa. Na zauna da agogo a hannu na kalli awon sarƙa ɗari huɗu. Goma sha ɗaya a ciki kai ne, da hularka ta ulu da Mama ta saƙa. Na lissafa, kowane awo yana cin sakan saba'in da biyar. Na rubuta, na sa hannu. Sakan ɗin nan su aka sayar wa masu talla, daga nan miliyan huɗun ta fito. Ni kuma aka ba ni ofishi mai taga.

Mama ta sani. Na gaya mata a asibiti, ta ce kada in faɗa maka sai ka gama kakar bana, ta ɗauka ba za a fara ba sai baɗi. Ni ma haka na ɗauka.

Ran Lahadi da yaron ya faɗi, na tashi tsaye ni kaɗai a falo, na matsa har jikin talabijin. Sai aka nuna allo, daga nan aka sa tallar mota. Ban yi kuka ba, Baba, na dai tsaya a wurin har tallar ta ƙare. Ban san ko in roƙi gafara ba ko in yi shiru.

'Yarka,
Kori

*

Harlow Falls, 23 ga Janairu

Kori,

Gaisuwa. Kin yi kuskure a lissafinki. Tun da gwiwar nan ta lalace, nawa awon sakan casa'in yake ci. Duane ne ke rufa min asiri don kada a sallame ni. Ki gaya musu su ƙara wa Mista Tillinghast kuɗi.

Da na koma bakin fili ran Lahadi, na ɗaga hannu wajen kyamara kamar yadda na saba, ko da kina kallo.

Hular tana nan, ga ta cikin ambulan. Ofishi mai taga sanyi gare shi.

Babanki, Lyle