Ƙahon Gwankin da Na Auna a Kasuwa

Birnin Gwari,
14 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga ƙanena Andrawus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya, kai da Angelina da yara duka. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki, ya tsare ku a Fatakwal. Mu nan jiki da sauƙi. Mun girbe 'yar masarar bayan gida, tunda gonarmu ta Gayam har yanzu ba ta shiguwa.

Ina rubuto maka ne a kan wani kuskure da bakina ya jawo mini. Ranar kasuwar da ta wuce na tarar da Friday, ɗan marigayi Japheth maharbi, yana tallar ƙahon gwanki ga masu maganin gargajiya, yana cewa a gefen gonarsa ta Kazage ya harbe shi. Ka san halina. Shekara talatin da ɗaya na yi a aikin gandun daji, kuma har yau tef ɗin awo ba ya barin aljihuna. Na auna, na samu inci ashirin da tara da rabi. Sai na shiga yi wa jama'a bayani kamar ina gaban aji. Na ce abu huɗu ke gina ƙaho: jinin da dabba ta gada, abincin da take samu, shekarunta, da dajin da ta tashi a ciki. Na nuna musu yadda tsinin ya dakushe, zobban gindin kuma suka matse, alamar namiji ne da ya haura shekara goma. Na ce gwankin bakin gona, wanda ake kora kullum, ba ya kaiwa wannan shekaru, balle wannan kauri. Irin wannan sai garken wani kwari da ke tsakiyar daji, inda suke lasar ƙasa mai gishiri. Har sunan kwarin na ambata, Andrawus, sau biyu, domin wani ya faɗe shi ba daidai ba na gyara masa.

Sai da na ga mutane suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, sannan na tuna waɗanda ke zaune a kwarin nan yanzu. Ba mai shiga can ya fito sai da yardar 'yan bindiga. Ke nan a tsakiyar kasuwa na shaida cewa Friday yana hulɗa da su, na kuma shaida cewa ni na san hanyar sansaninsu.

Bayan kwana biyu maƙwabcina Malam Munzali ya ja ni gefe, ya ce ba a ƙara ganin Friday ba tun ranar. Ya ce kuma wasu baƙi biyu a kan babur sun tambayi mai shayin bakin tasha ina ne gidan tsohon da ke auna ƙaho, shi kuwa ya rantse musu bai san ni ba. Jiya da rana na ƙone littattafan awona guda goma sha ɗaya, domin kowane shafi yana ɗauke da sunan rafi da nisan tafiya. Ashana huɗu na ɓata kafin wutar ta kama. Yanzu ko babur ne ya rage gudu a layinmu, sai na leƙa ta taga.

Roƙona shi ne ka karɓi matata Susan a gidanka. Zan sa ta a mota ranar Litinin. Ba ta san komai ba; na ce mata kai ne ka matsa ta zo ta ga yara, saboda haka ka tsaya a kan wannan magana. Ni ba zan taso yanzu ba. Idan na ɓace, za a ce rahoto na tafi kai wa jami'an tsaro, kuma katanga ɗaya ce tsakanina da iyalin Munzali, a kansu 'yan bindigar za su huce.

Ka gaishe mini da Angelina, da Dinah, da Miracle, da autarku Marvellous. Ku sa ni da Friday cikin addu'a. Idan Susan ta tambaye ka yaushe zan biyo ta, ka ce bayan Kirsimeti, amma kada ka sa mata rana.

Ni ne yayanka,
Ephraim Bature